Injin da Ke Ƙirjin Dogo

Kai da ka ɗaga katifata ka zaro littafin nan, ka ji kunya. Ba don kai na rubuta ba. Amma na san halin ido, ba ya jin bari, to karanta. Sai dai in ka gama kada ka zo mini da "da kin yi kaza," kada kuma ka kawo mini sunan wani mai magani da ya warkar da ƙanin abokinka. Ciwon da ba a jikinka yake ba shi ya fi kowanne sauƙin magani.

Litinin, da hantsi

Sun ce zuciyar Dogo ta gaji. Ɗana, mai aski, wanda bai cika talatin ba, wanda ke wuni a tsaye a kan kawunan mutane yana zuba kamar rediyo, yau daga gado zuwa ƙofar bayi sai ya tsaya ya huta. Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna yatsa ramin ba ya tashi.

Likitar zuciya ta tara mu a ofishinta, ni da babansu da matar Dogo. 'Yar gajeruwa ce mai tabarau. Ta ce magani ya kai iyakarsa. Za su buɗe ƙirji su maƙala wa zuciyar wani ɗan inji da zai riƙa tura mata jini, waya ta fito ta gefen cikinsa zuwa batir. Ta ce ba warkewa ba ce, riƙo ne, kafin a samu abin da ake jira, wato zuciyar wani da za a dasa masa.

Na ce, "Injin yana bugawa kamar zuciya?"

Ta ce, "Mama, kin san famfon da ake dannawa da hannu, ruwa ya fito guntu-guntu. Kin kuma san wanda ake murɗa masa kai, ruwa ya yi ta zuba babu yankewa. To haka injinan suke, iri biyu. Na da shi ne mai bugawa. Na yanzu zuba kawai yake yi."

"A sa masa mai bugawar. Haka Allah Ya halicce shi."

"Ai kusan an daina yin sa. Ƙato ne, kuma yana da 'yan ƙofofi masu buɗewa da rufewa. Kafin shekara biyu sun cinye, sai a sake tsaga shi. Na yanzu abu ɗaya ne ke juyawa a ciki, kamar farfela. Yana daɗewa."

"To bugun fa?"

"Ba za ki ji shi a hannu ba."

Na yi sakandare. Mun yanka kwaɗo a aji, na ga zuciya da idona. Abin da ke raye yana bugawa. Na faɗa mata haka, ta ce, "Gaskiya ne, Mama," ta miƙo takarda.

Talata, da safe

An sa hannu. Ba ni na sa ba, matarsa ce. Sun ce haka doka take.

Laraba, bayan azahar

Sun shiga da shi tun da sassafe. Muna zaune a dogon benci a bakin ɗakin tiyata, ga fanka ɗaya tana juya zafi. Babansu ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Surukata tana ta danna waya. Na sha faɗa, yarinyar da mijinta ke kwance a ƙarƙashin wuƙa ba waya ya kamata a gani a hannunta ba. Na dai kalle ta har ta sa ta a jaka.

Wani tsoho mai sanda ya zo ganin likita, ya zauna kusa da mu. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya buɗe maɓallin riga ya nuna mana tabo tun daga wuya. Ya ce shi an taɓa sa masa na da ɗin, mai bugawa, shekaru da yawa baya.

Na ce, "Ka ji! Ai shi na ce a sa wa nawa."

Ya yi dariya har da tari. "Baiwar Allah, ki gode. Nawa ƙwas-ƙwas-ƙwas yake yi kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. In na shiga wuri sai yara su ce ana sallama. Uwargida ta kwashe filonta ta koma falo, ta ce ita ba agogon bango ta aura ba."

Babansu ya ɗago ya yi murmushi. Ni ban ga abin dariya ba.

"Amma ka rayu," na ce.

"Na rayu. Mu huɗu ne a ɗakin. Ni aka samo wa sabuwar zuciya kafin injin ya gaji."

Bai faɗi na sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, gab da magariba

An fito da shi. Yana numfashi.

Asabar, ƙarfe goma

Yau suka bar ni na taɓa shi. Hannunsa da ɗumi. Leɓɓansa da suka yi toka-toka sun dawo da launinsu. Na kama wuyan hannunsa na danna yatsu biyu.

Shiru.

Na matsa sama, na matsa ƙasa. Na koma ɗaya hannun. Shiru. Ga shi kuwa yana kallona, har yana ƙifta ido.

Da hannun nan na raini 'ya'yana. In abu ya ɓace a gida, ko wani ya dawo makaranta a makare, ba na bulala sai na tabbatar. Sai in zaunar da yaro in kama wuyan hannunsa in ce, "Faɗa mini daga farko." Baki yana iya ƙarya, jijiya ba ta iyawa. Zazzaɓi ma ta nan nake gane shi tun bai fito fili ba. Dogo ya fi kowa shan wannan riƙon, don shi ne ya fi su baki.

Ya ga ina lalube, ya ce da 'yar muryarsa, "Mama, daga yau kin yi asarar ɗan sanda. Zan riƙa zuba miki ƙarya son raina."

Na ce, "Mara kunya. Allah na ganinka ko ni ban gani ba."

Na fita na tsaya a bakin taga. Akwai wata mata a ƙasa tana shanya zannuwan gado. Na daɗe ina kallonta.

Litinin, da yamma

Ko awon hawan jini ba sa yi masa yadda ake yi wa mutane. Sai sun shafa wani mai a hannunsa sun ɗora wani ɗan abu mai sauti. Na wasu yana cewa fat-fat. Nasa shuuu yake yi, kamar iska ta ƙasan ƙofa.

Alhamis, da hantsi

Nas mai kula da masu inji ta zaunar da mu darasi, wai ba za a sallame shi ba sai gida ya iya. Batir biyu a jaka, kullum a jikinsa. Ba a cire su tare. Ba a jiƙa wurin da wayar ta fito. In zai kwanta a jona shi da wutar bango. Ga wani ɗan akwati mai fitila da zai yi kuka in wani abu ya ɓaci. Ta nanata mana cewa in wayar nan ta rabu da akwatin, injin ya tsaya.

Ta ce, "In ya faɗi, kada ku nemi bugu, ba za ku samu ba. Ku sa kunne a ƙirjinsa ta hagu. In kun ji ƙugi, yana aiki. Kowa ya zo ya gwada."

Surukata ta sa kunne ta ce, "Kai! Kamar injin askinka."

"Ai shi ne," in ji Dogo. "Sun ce ba su da canji, na ba su nawa."

Babansu ma ya saurara, ya gyaɗa kai. Da aka zo kaina na ce na ji daga nan. Ban ji ba. Amma ƙato mai gemu, a gaban matarsa, a gaban baƙuwa, in kwantar da kaina a ƙirjinsa? Akwai abin da ake kira kunya, ko da yake yanzu ta yi tsada.

Surukata ta ɗauki duk darasin a wayarta. Ta sa nas ta maimaita canjin batir har sai da hannunta ya saba.

Lahadi

Mun dawo gida.

Talata, bayan la'asar

Gidan ya koma gidan inji. An ba Dogo ɗakin da ke kusa da mita. Babansu ya kai janareta gyara, ya dawo ya ɗora kujera kusa da shi, yanzu can yake wuni. In aka ɗauke wuta, tsoho mai ciwon gwiwa sai ka ga ya tashi kamar yaro. Ba ya magana. Dama shi ba mai magana ba ne, amma yanzu har gaisuwa da kai yake amsawa.

Abokan Dogo sun zo da surutunsu. Ɗaya ya ce, "Dogo, kai da firij wa ake fara jonawa?"

"Ni mana. Firij ba shi da mata."

Suka bi layi suna taɓa hannunsa suna salati, kamar sun zo kallon abin al'ajabi. Na kore su. Na sha faɗa, dubiya minti kaɗan ce, ba zaman majalisa ba.

Da suka tafi na shiga kai masa ruwa. Ya yi barci. Na kama hannunsa. Na san ba zan samu ba. Na kama dai.

Alhamis, da safe

Haɓo. Ya jiƙa tawul. Ya tsaya da kansa.

Juma'a, da safe

Haɓo kuma.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Mun koma wurin likita. Ta duba idonsa, ta tambaye shi launin bayan gidansa. Ya ce lafiya lau. Ya faɗa yana kallon bango. Na miƙa hannu zan kama nasa, sai na tuna, na mayar da shi cinyata.

Ta ce haɓon ba baƙon abu ba ne. Akwai maganin tsinka jini da yake sha don kada jini ya daskare a cikin injin. Ban da shi kuma, farfelar tana gurza wani abu a cikin jini wanda shi ke taimaka masa tsayawa. Sannan ƙananan jijiyoyi, musamman na hanji, sun saba da turi da saki. In aka yi ta zuba musu jini bai ɗaya, wasu kan yi laushi su riƙa yoyo.

Na ce, "Wato jiki yana neman bugunsa."

"Yana nema, Mama. Shi ya sa na yanzu ake sa su rage gudu su ƙara, su rage su ƙara, don su ɗan kwaikwaya. Nasa ma yana yi. Bai dai kai yatsa ya ji ba."

"Ban faɗa ba? Tun ranar farko ban faɗa ba?"

Ta cire tabarau ta goge. "Kin faɗa. Wancan yana da nasa aibin, wannan yana da nasa. Mun zaɓi wanda ya fi barin mutane a raye."

Na samu gaskiyata a hannu, na rasa inda zan kai ta.

Laraba, bayan azahar

Ina dawowa daga kantin magani na tarar an yi haɗari a mararraba. Babur da motar kaya. An rufe wani da kwali, takalminsa ɗaya a tsakiyar titi. Takalmin saurayi ne. Na tsaya ina kallo, wani tunani ya zo mini.

Ba zan rubuta shi ba.

Abin da ake jira wa Dogo yanzu haka yana ƙirjin ɗan wata mata, yana yawo da shi, yana cin abinci, wataƙila uwarsa na yi masa faɗa a kan dawowa a makare. Duk rayuwata ban taɓa rasa abin da zan roƙa ba. Na koya wa 'ya'yana cewa wanda ya so wa wani sharri, a kansa zai sauka. Yanzu in na ɗaga hannu sai in ce, "Allah Ka sani," in shafa.

Alhamis

Ya ƙi cin abinci. Ya ce jiri. Ya ce in daina kallonsa haka.

Asabar, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, a taƙaice.

Da hantsi ne. Babansu ya tafi sayen man janareta. Surukata tana bayan gida tana shanya. Baffan yara, ƙanin babansu, ya zo dubiya yana falo yana shan shayi. Dogo ya fito daga bayi, ya dafa bango, ya zame ya kwanta a ƙasa. Fuskarsa fari fat, idonsa a juye. Ɗan akwatin ya fara kuka.

Aka kama hannunsa. Aka kira sunansa, bai amsa ba. Aka sake kama hannun, aka taɓa wuya. Sai aka yi ihu. Aka faɗi kalmar da ba a mayarwa.

Kafin ka ce me, ɗaki ya cika. Matar mai shago ta shigo tana salati, ta ja zanin gado ta rufe shi har ka. Wani ya fita yana waya yana sanar da mutane. Akwatin kuwa sai kuka yake. Baffa ya durƙusa yana hawaye, ya ce, "A raba bawan Allah da wayoyin nan, ya huta. Ya tafi, inji na ta damunsa." Ya kama wurin da wayar ta shiga akwatin yana murɗawa. Akwai ɗan makulli a wurin. Bai san yadda ake buɗe shi ba. Yana ta ƙoƙari.

Babu wanda ya hana shi.

Surukata ta shigo da kumfa a hannu. Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da Baffa, ta buge hannunsa har agogonsa ya faɗi.

"Sake! Baffa, sake, don Allah!"

Ta yaye zanin, ta kwantar da kunne a ƙirjinsa. "Ku yi mini shiru!" Aka yi shiru, sai kukan akwatin. Ta ɗago. "Yana aiki. Yana aiki! Ku ɗaga ƙafafunsa. Mama, kawo jakar batir. Mama!"

Sai da ta kira sau biyu.

Ta kira nas a waya tana karanta mata abin da akwatin ya rubuta. A motar mai shago aka kai shi. A hanya ya buɗe ido ya ce, "Wa ya mutu ake kuka?"

Jini ne ke zuba a hanjinsa. Ashe kwana da kwanaki bayan gidansa baƙi ne, ya ɓoye.

Lahadi, da safe

Ana ƙara masa jini. Muryata ta dishe, ba na iya magana. Sanyi ne ya kama ni.

Lahadi, bayan la'asar

Mutane biyu sun zo gida gaisuwar mutuwa, ba su ji gyaran labari ba. Babansu ya tarbe su a ƙofa, ya sallame su.

Litinin, da yamma

Na je na samu Baffa. Na wanke shi tas. Na ce masa babba da shi, mai furfura, ya sa hannu a abin da bai sani ba. Na ce da makullin nan ya buɗe, da me zai faɗa wa Allah? Ya sunkuyar da kai har na gama. Sannan ya ce, "Yaya, ni ban taɓa hannunsa ba. Na ji dai..."

Na tashi na tafi.

A gida na maimaita wa babansu duk abin da na faɗa wa ƙaninsa. Yana goge janareta da tsumma. Bai juyo ba. Ya ce, "In uwa ta ce ɗanta ya tafi, wa zai tsaya bincike?"

Maganarsa ke nan ta farko mai tsawo tun da aka yi aikin.

Talata

Ban fita ba.

Laraba, da hantsi

Asibiti. Sun ƙona jijiyar da ke yoyo, sun rage masa magani. Likita ta ce yoyon yana iya dawowa, a wani wurin. Na ce sai yaushe? Ta ce sai an samu zuciya. Na ce yaushe za a samu? Ta buɗe tafin hannu.

Surukata tana zaune a gefen gado tana yanke masa farce. Ba ta ce mini komai a kan Asabar ba. Ba ta faɗa wa Dogo ba, na gane daga yadda yake tsokanata. Ta tashi ta ba ni kujera, ta ce, "Mama, kin karya kuwa?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dogo ya ce, "An ce Baffa ya so ya kashe ni don ya gaji shagon aski. Mutumin da ko gashi ba shi da shi."

"Ka yi wa mutane ƙarya a kan bayan gidanka," na ce. "Ka kusa kai kanka."

"Na gaji da asibiti ne, Mama."

Ya faɗa ba da wasa ba.

Asabar, bayan azahar

An sallamo shi. Ya rame, amma yana takawa. Jakar batir a kafaɗa kamar mai shirin tafiya.

Na tara kowa a falo: babansu, Baffa, surukata, ƙannen Dogo, har matar mai shago na aika aka kira. Na sa Dogo a kujera a tsakiya, na ce ya buɗe riga. Na ce kowa ya zo ya sa kunne. Baffa ya saurara ya fashe da kuka. Matar mai shago ta ce, "Ikon Allah, kamar firij."

"Kun ji ko?" in ji Dogo. "Dama na ce ni da shi 'yan uwa ne."

Ni ce ta ƙarshe. Gwiwata ta yi ƙara da na durƙusa. Ƙirjinsa yana warin sabulun asibiti. Ƙugi ne siriri, yana ɗan sauka yana ɗan hawa, ba ya yankewa. Ba shi da daɗin ji. Ba ya gaya mini ko yana jin tsoro, ko yana jin zafi, ko yana ɓoye wani abu. Abu ɗaya kawai yake faɗa, shi ne yana nan.

Ya ce a hankali, yadda sauran ba za su ji ba, "Mama, in wata rana kika sa kunne kika ji shiru fa?"

Na miƙe na gyara ɗankwali.

Na juya ga sauran na faɗa musu dokar, kuma na ce a faɗa wa duk wanda zai taka ƙofar nan. A gidan nan ba a shaida mutuwa da hannu. Wanda ya ga Dogo a ƙasa ya sa kunne, ya kira matarsa, ya rufe bakinsa. Ba mai taɓa waya, ba mai jan zani, ba mai ihu, sai ita ta yi magana. Ko wane ne shi. Ko da wadda ta haife shi ce.